Barcin Baba

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan azahar

An same shi. Alhamdu lillahi, an same shi.

Masunta ne suka ga Baba a bakin teku, a Placodji, da sassafe, zaune a jikin wani kwalekwale da aka kife, rigarsa duk yashi. Wata mai ƙyafe kifi ta ba shi ruwa da koko, ta tambaye shi gida. Ya ce Zongo, gidan Alhaji Moumouni. Ta ce to wane ne shi a wurin Alhaji Moumounin? Ya ce ai shi ne. Mijinta ya goyo shi a babur har ƙofar gida.

Yanzu yana ɗaki. An ɗinke masa goshi, ya ci tuwo kaɗan. Ya san ni. Ya ce, "Zakiyya, me ya sa idonki ya yi ja haka?" Na ce albasa ce. Tun jiya ba a hura wuta a gidan nan ba sai ɗazu.

Motar tana komisariya, wurin 'yan sanda. Ba zan rubuta zancen motar yau ba.

Lahadi, 5, da yamma

Masu jaje tun safe, tabarma ba ta huta ba. Baba yana amsa gaisuwa daidai, har da tambayar iyalin kowa. Idan suka tafi sai ya juyo ya ce, "Wai jajen me suke yi mini?"

Ya tambayi motar. Yaya Mansir ya ce tana gareji. Jim kaɗan ya sake tambaya, da murya ɗaya, kamar bai taɓa yi ba.

Inna ta zuba abinci a kula biyu. Ɗaya ta kai ɗaki, ɗayar ta ɗaure a ɗankwali ta tsayar da zemijan, babur ɗin haya, ta tafi lopital, wato asibiti. Ba ta ce ga wanda za ta kai wa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Talata, 7, da hantsi

Na koma kan katunana, don in na zauna haka nan kaina zai fashe.

Bari in tuna wa kaina abin da nake ciki kafin Juma'ar nan da Baba ya ɓata. Madam Chérifa, mai duba memwar ɗina a jami'ar Calavi, ta sa sunana cikin wani bincike a kan barci da tunawa. Masu binciken suna Accra. Ƙarshen wata za su yi mini tambayoyi ta bidiyo, da turanci. Ni kuwa tun daga lakwal, tun firamare ke nan, har yau da faransanci na yi komai, turancina na 'yan lise ne, na sakandare, na gaisuwa da tambayar hanya. Shi ya sa na yayyanka kwalin sukari, kowane yanki kalma ɗaya, bayansa ma'anarta.

A faransanci memwar ta ishe mu: ita ce tunawa, ita ce kuma littafin kammala karatu da nake rubutawa. Masu turanci sun rarraba abin. "Recall" shi ne ka lalubo abu da kanka daga cikin kai. "Recognition" shi ne a nuna maka ka ce, yauwa, shi ne.

Ina cikin maimaitawa Baba ya leƙo yana neman sunan direbansa na hanyar Malanville, mutumin da suka yi shekaru tare. Ya kasa. Na ce, "Zakari?" Ya ce, "Shi fa."

Na duba katunan biyu da ke hannuna, na ji kunyar kaina. Ubana ne, ba misalin darasi ba.

Laraba, 8, bayan la'asar

Ruwa ya cika layinmu har gwiwa. Ya tambayi motar.

Juma'a, 10, bayan an sauko daga masallaci

Wata maƙwabciya, ba zan sa sunanta ba, ta tsaya a tsakar gida tana gyara mayafi ta ce wa Inna, "Ku dai yi ta addu'a, haka uwarsa ta fara."

Inna ta raka ta har ƙofa, ta rufe ƙofar, ta sa sakata da rana tsaka.

Ina ƙarama lokacin Kaka. Abin da na riƙe kaɗan ne: kwaɗon da aka sa wa ƙofar zaure ta ciki, da yadda take kiran Baba da sunan mahaifinsa da ya rasu, shi kuma yana amsawa. Sunan ciwon yana cikin katunana, turancinsa da faransancinsa kusan ɗaya ne. Na zare katin na tura ƙarƙashin katifa.

Ya ci abinci sosai yau. Ya ci sosai.

Lahadi, 12, da hantsi

Mun yi faɗa da Yaya Mansir a bayan ɗakin girki, da ƙaramar murya kada Baba ya ji.

Yana so a gaya wa abokan hulɗa cewa daga yanzu shi za su nema, kamiyo, wato manyan motocin kayan, da takardun por, tashar jiragen ruwa, duka. Na ce ko mako biyu ba a yi ba har ya fara rabon gado da mai rai.

Ya ce, "Ke kina Calavi, ni nake tare da shi. Tun bara yake haka. Ana magana da shi a ofishin masu fito da kaya, kansa ya faɗi kan ƙirji. A manta da randebu, mutane suna can suna jiransa, a manta an riga an yi waya. A huɗuba ni nake riƙe masa kafaɗa. Na ce a ɗaukar masa direba, ya ce na raina shi. Da an ji tawa, da mutumin can da ya kaɗe yana gidansa, ba lopital ba."

Na ce masa mugu. Idonsa ya ciko. Ban taɓa ganin haka ba tun muna yara.

Inna ta fito da tsintsiya a hannu ta ce, "Ba a gidana ba, ba kuma yana numfashi ba." Kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne.

Litinin, 13, da yamma

Yau na yi dariya.

Na je wurin Madam Chérifa mu gwada tambayoyin. Ta ce in faɗi da turanci abin da nake son bincike a kai. Na gyara zama na ce ina son in yi nazarin "slip", barci nake nufi. Ta kife kai a kan tebur. Ta ce, "Zakiyya, ja wasalin, ja shi. In ba haka ba duk mai jin faransanci a wurin zai ɗauka kamfai kika zo nazari." Muka yi ta ja, sliiip, sliiip, har mai shara ta leƙo.

Na ce mata ina ganin zan janye sunana, gida ba lafiya. Ta ce in bari sai ranar, in na ga ba zan iya ba ita za ta ba su haƙuri. Ta tambayi jikin Baba, na gaya mata fiye da abin da na yi niyya. Ta ce, "Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ni ba likita ba ce, ke ma ba ke ba ce. Kada ki zauna kina yanke masa hukunci da abin da kika karanta rabi."

Ta ba ni wata maƙala in karanta don ƙarin kalmomi. A kan direbobin manyan motoci ce. Ta ce ba da gangan ta zaɓa ba, ita ce ta gaba a jerin. Ban sani ba.

Alhamis, 16, kafin azahar

Bari in rubuta yadda ya faru.

Ina zaune a baranda da maƙalar da ƙamus. Baba yana kujerarsa, ya gama karin kumallo ke nan, barci ya ɗauke shi kamar kullum. Kalmomin sababbi ne, ɗaya bayan ɗaya nake dubawa. "Drowsy", mai gyangyaɗi. "Snoring", minshari. "Gasp", jan numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Maƙalar ta ce akwai mutanen da maƙogwaronsu ke toshewa cikin barci, numfashi ya tsaya, jiki ya firgita ya farka ba tare da mutum ya sani ba, haka har gari ya waye. Da rana su yi ta gyangyaɗi, su yi ta mantuwa.

Minsharin Baba duk layin nan an san shi. Jirgin ƙasan Parakou muke ce masa. Ina karantawa yana yi, sai ya yanke. Shiru. Na ɗago. Ƙirjinsa yana motsi amma ba iskar da ke shiga. Na jira, na jira, har na miƙe tsaye. Sai ya fizgo numfashi da wata irin ƙara, ya gyara kai, jirgin ya ci gaba.

Tun ina yarinya nake jin wannan. Dariya muke yi.

Na sami Inna tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, da dare ma numfashinsa yana tsayawa haka?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shekara nawa ina zungurinsa da gwiwar hannu. In na ji shiru sai in taɓa shi ya dawo. Ni ma ai rabona da barcin kirki tun kafin ki shiga lise."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa zan je in gaya wa mijina yana minshari?"

Ba zan sa rai ba. Madam ta ce kada in yanke hukunci. Ba zan sa rai ba.

Asabar, 18, bayan la'asar

Inna ta dawo daga lopital, ta ajiye kular a ƙasa, ta zauna a kan siminti da mayafinta ta fashe da kuka. Na ɗauka shi ke nan. Ashe ba za a yanke ƙafar mutumin da motar Baba ta kaɗe ba. Ya tashi zaune, ya cinye abincin, har ya yi magana da matarsa.

Sunansa Ousseini. Yau na fara rubuta shi. Ɗan zemijan ne, mutumin Djougou, yana zaune a Agontinkon. Tun farko na san sunan.

Na yi nafila. Na kira Yaya Mansir a waya na gaya masa, ya ce zai taho da nama.

Talata, 21, da yamma

Likitan ƙwaƙwalwa. Ni da Inna da Baba, Yaya ya kai mu a motar abokinsa.

Hoton kan da aka ɗauka ba jini, ba wani abu. Likitan ya faɗa wa Baba wasu kalmomi ya ce ya riƙe, ya sa shi zana agogo, ya sa shi lissafi da baya. Lissafin kam Baba ya riga shi gamawa. Da aka dawo kan kalmomin ya kawo wasu, wasu suka ɓace. Likitan ya ce, "Ɗaya sunan 'ya'yan itace ne." Baba ya ce, "Mangwaro." Haka har suka cika. Likitan ya gyaɗa kai ya rubuta.

Yana shirin sallamarmu na ce ina da magana. Abin haushi, kalmar turancin ce ta fara fitowa, ta faransancin ta gudu. Na daure na kwatanta abin da na gani a baranda. Bai yi mini kallon yarinya mai iyayi ba. Ya juya wurin Inna, ya ce in fassara, ya yi ta yi mata tambayoyi. Inna ta rufe rabin fuska da mayafi tana amsawa, Baba yana kallonta baki buɗe.

"Hajiya, duk wannan a bayana?"

"A gefenka dai, Alhaji."

An ba mu wata 'yar na'ura ya kwana da ita, a mayar gobe. A mota Baba ya ce, "Yanzu barcin ma sai an yi masa jarrabawa."

Laraba, 22, da sassafe

Ya fito alwala da wayoyi a hanci da ƙirji da yatsa, kamar rediyon da ake gyara.

Juma'a, 24, bayan magariba

Shi ne. Abin da na karanta, shi ne.

Likita ya ce numfashin yana tsayawa ba iyaka, har ya nuna mana zanen. Ya ce, "Alhaji, kana kwanciya, amma ka yi shekaru ba ka yi barci ba." Inna ta yi ƙarfin hali ta tambayi abin da dukanmu muka kasa tambaya, ta ambaci Kaka. Ya ce a iya abin da ya gani, ba wannan ba ne. Bai yi alkawari ba, ya ce a fara magani a dawo bayan wasu watanni a sake gwaji. Amma ya faɗa, na ji da kunnena, na fassara wa Inna da bakina: ba wannan ba ne.

Tuƙi kuwa babu, sai ya ba da izini. Kuma ya ce ranar haɗarin ba za ta dawo masa ba, buguwar kan ta hana ta zama tun farko, kada mu matsa masa.

Baba ya ce, "Wace rana?"

Da muka dawo Inna ta shiga ɗaki da shi ta rufe ƙofa. Ni da Yaya muka zauna a baranda, ba ma jin komai. An kira la'asar ba su fito ba. Da magariba ya fito ya yi alwala, bai je masallaci ba, ya shimfiɗa darduma a ɗaki.

Bai tambayi motar ba.

Litinin, 27, da hantsi

An kawo injin. Wani abu ne kamar takunkumi a hanci, da tiyo, yana hura iska. Baba ya ce shi ba doki ba ne. Inna ta ce ko jaki ne sai ya sa.

Daren farko aka ɗauke kuran, ba wuta, injin ya tsaya. Jiya Yaya Mansir ya zo da batirin kamiyo da wani akwati, ya yini a durƙushe a gefen gado yana haɗa wayoyi. Baba yana zaune yana kallonsa. Da ya gama Baba ya ce, "Mansir, gobe ka je por a madadina. In sun tambaya ka ce ni na aiko ka." Yaya ya ce to, yana ta naɗe wayar da ta riga ta naɗu.

Baba ba ya yawan magana tun Juma'a. Yana cin abinci. Yana kallon kular Inna idan za ta fita.

Saura kwana kaɗan a yi mini tambayoyin Accra. Katunana sun yi laushi don shafa.

Alhamis, 30, bayan la'asar, a Fidjrossè

Na yi. Ban janye ba.

A ofishin Madam aka yi, don intanet ɗinta ya fi ƙarfi. Mutum uku a allo, babbarsu wata farfesa mai furfura da tabarau a goshi. Na ja wasalin har na ga Madam ta sunkuyar da kai a gefe. Aka tambaye ni me barci yake yi wa abin da mutum ya koya. Na san kalmar, na kwana da ita, na tashi da ita, amma ta ƙi zuwa. Sai na ce da turancina na kasuwa: da rana kai yana karɓar kaya ya zube a ƙofa, da dare ne yake shigar da su ya jera, in ba a yi barci ba kayan suna kwana a waje. Farfesar ta ce, "Consolidation." Na ce yauwa, da hausa. Suka yi dariya.

Ta tambaye ni me ya sa barci, cikin duk abubuwan da zan iya karanta. Amsar da na haddace tana nan, amma na gaya musu zancen Baba, a taƙaice, ban da motar. Ban yi kuka ba.

Da na fito ban iya komawa gida kai tsaye ba. Na ce wa mai zemijan Fidjrossè. Ga ni a kan yashin bakin teku da kwakwa a hannu, ba abin da nake tunani. Na manta yadda hakan yake.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Baba ya riga kowa tashi. Na same shi yana sauraron labarai, idonsa fari tas. Ya ce mini tun yana saurayi rabonsa da mafarki, jiya ya yi, wai yana cin wagashi, cukun nan, a Parakou. Ya tuna da kansa cewa Alhamis na yi jarrabawa, ya tambayi yadda ta kasance.

Inna ce ke ƙorafi yanzu. Ta ce ɗakin ya yi shiru da yawa, ta kasa barci.

Madam ta turo saƙo: sun ɗauke ni, watan Janairu. Na karanta wa Baba, ya sa na sake karantawa, ya ce, "Accra ba nisa." Can kuma ya ce, "An sallami yaron nan?" Na ce an sallami Ousseini. Ya ce gobe in raka shi.

Lahadi, 2, bayan magariba

Ɗaki ɗaya ne a bayan wani gida a Agontinkon. Ousseini yana kwance a katifa, ƙafar cikin ƙarafa, rigarsa ruwan ɗorawa ta aiki a rataye a ƙusa. Bai kai Yaya Mansir shekaru ba. Matarsa ta jawo wa Baba kujera, Baba ya ƙi, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

Aka gaisa. Sai Baba ya ce, "Malam Ousseini, an ce ni ne. Ban tuna ba, likita ya ce ba zan tuna ba. Ba na so in nemi gafarar abin da ban sani ba. Kai ka gani. Ka gaya mini."

Ousseini ya dube ni, ya dubi matarsa. Sannan ya faɗa, da hausarsa ta kasuwa, in ta ƙare ya ƙarasa da faransanci. Bai rage komai ba. Ba zan rubuta ba, nasu ne su biyu. Abu ɗaya dai: ya ce bayan abin ya faru Baba ya fito jini na zuba a fuskarsa, ya durƙusa ya riƙe masa kai, ya ce bari ya nemo taimako, ya miƙe ya nufi wajen teku, bai dawo ba.

"Duk kwanakin da na yi a lopital ina cewa gudu ka yi."

Baba ya sunkuyar da kai. Hawaye yana sauka a gemunsa, bai share ba. Ya ce, "Ka yafe mini."

Ousseini ya dubi rufi. Ya ce, "Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban gama jin haushi ba."

"Kada ka yi gaggawa. Zan dawo Lahadi mai zuwa, da wadda ke bayanta, har ka taka da ƙafarka."

Muka tashi. Baba yana sa takalmi a bakin ƙofa Ousseini ya ɗaga murya daga ciki.

"Alhaji, in za ka zo, ka ce wa Hajiya ta rage barkono."

Matarsa ta rufe baki da hannu. Baba ya ce zai faɗa, amma bai yi alkawarin za a ji ba, shi ma shekara talatin yana faɗa.

Na gaya wa Inna da muka dawo. Ta ce tun farko me ya hana shi magana, ta tashi ta jiƙa wake.